Gwaggo Mai Yanka wa Motoci Riga

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma bahaguwa ce. Da wannan na fara saboda ita ma da shi take farawa duk sanda za ta ba da labarin kanta. Shekara ashirin da uku ta yi a sashen yanka na wani kamfani da ke ɗinka wa makarantu da asibitoci yunifom. Ba ta ɗinki, kuma ba ta son a kira ta tela. Aikinta shi ne a shimfiɗa yadi a dogon tebur, a zana da alli, ita kuma ta bi zanen da almakashi. Takan ce taka keke kowa ma zai iya koya cikin wata uku, amma idan aka ɓata yanka, duk gwanintar mai ɗinki sai dai ya ɗinka ɓarnar.

A shekararta ta biyu kamfanin ya sayo mata almakashin hagu, babba mai baƙin hannu, ita kaɗai ke taɓa shi. Ranar da aka rufe kamfanin, mai gadi ya tsaya a ƙofa yana duba jakar kowa. Ya zaro almakashin daga tata ya ce kayan kamfani ne.

Ta ce masa, "Wa zai yi aiki da shi? Kai ma gwada ka gani ko zai yanka maka takarda."

Ya ce shi dai abin da aka sa shi yake yi. Ta dawo gida da jaka babu nauyi.

Wata takwas bayan haka na koma gidanta da zama, don na samu aikin koyarwa a wata makaranta da ke kusa da su. Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo da ɗan baranda mai kallon titi. Mijinta, wanda muke kira Baba Akawu saboda a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, mutum ne mai son zama shiru da rediyonsa. Ita kuwa zama ya ishe ta. Na tarar ta rage wa labulen falo tsawo sau biyu, ta mayar da tsofaffin zannuwan gado rigunan matashin kai, har ta fara kallon rigunan Baba Akawu da wani irin ido da ya sa ya fara kulle su a akwati.

Babban ɗanta, wanda nake kira Yaya, gyaran firji yake yi. Yana da shekara talatin da huɗu a lokacin, da mata da 'ya'ya biyu, amma yana da wata cuta guda: ƙananan motocin nan da ake tuƙa su da rimot. Ba irin na yara da ake sayarwa a bakin titi ba. Kowace ta kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu, tana da inji da batir da sufirin kamar babbar mota, kuma idan ta zabura mai keke ba zai kamo ta ba. Su wajen ashirin ne a ƙungiyarsu, duk magidanta, suna tsere kowace Asabar. Matarsa ta hana shi baje kayan a falonta, don haka falon uwarsa yake kawowa.

Bodin motar daban ake sayensa. Roba ce garai-garai kamar gilashi, mara nauyi, an matsa ta a siffar mota, amma ba a gama ta ba. Gefenta duk rara ce kamar riga da ba a kalmashe ba, gurbin tayoyi huɗu a toshe, sai wani siririn layi da aka danna a jikin robar wanda ba ka ganinsa sai ka karkata ta wajen haske. Mai mota shi zai yanke rarar, ya buɗe gurbin tayoyi, ya huda ramuka huɗu inda 'yan sandunan da ke jikin motar za su leƙo a sa musu fil. Bayan haka ake fesa fenti, ta ciki.

Wata Juma'a da yamma Yaya ya zauna a ƙasa da sabon bodi da almakashin kicin. Gwaggo tana kan kujera tana tsintar shinkafa a faranti, amma idonta yana kan hannunsa. Ya yanka gurbin taya na farko ya fito kamar ɓera ya ci. Ta yi tsaki. Ya fara na biyu, robar ta yi ƙara ta tsage.

"Da me robar nan ta yi maka laifi?"

"Umma, ba kamar yadi ba ce. Tauri gare ta."

"Hannunka ne bai da tarbiyya. Kawo."

Ta goge hannu, ta karɓa, ta je baranda ta ɗaga bodin sama tana juya shi har ta ga layin. Ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta sa almakashi. Da ta fara kuwa, ba almakashin take juyawa ba, robar take juyawa a hankali tana ciyar da shi. Gurbi biyun da suka rage suka fito zagaye sumul. Sannan ta koma kan biyun da ya ɓata ta daidaita su iya yadda za su daidaitu. Ta miƙa masa ta ce, "Ga rigar motarka nan." Daga ranar ba ta sake kiran abin da wani suna ba, riga take cewa.

Asabar ta gaba Yaya ya dawo da riguna uku na abokansa. Kafin wata biyu, mutumin da ke sayar musu da kayan motocin, wanda kowa ke kira Mai Shago, ya hau benen da kansa. Ya gaishe ta har ƙasa, ya ce yana so duk bodin da aka saya a wurinsa ita za ta riƙa yankawa. Ya kawo mata kayan aikin da aka yi don haka: ɗan gajeren almakashi mai lanƙwasasshen baki, da abin huji mai tsini, da samfefa. Ta ɗauki almakashin ta sa yatsu, fuskarta ta canza.

"Na dama ne."

"Ai duk haka suke zuwa, Mama."

"Akwai na hagu. Duk abin da ake yi na dama ana yin na hagu, sai dai ba a nema ba."

Ya ce zai sa a kawo. Duk sanda ta tambaya bayan haka, amsarsa ɗaya ce, yana hanya.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane wahalar ba. Idan bahago ya riƙe almakashin dama, bakin sama yana rufe masa layin da yake bi, kuma maimakon bakunan biyu su matsu sai su buɗe, robar ta lanƙwashe a tsakaninsu. Gwaggo ta koyi danna babban yatsanta ciki da ƙarfi don ta haɗe su, ta koyi kifa rigar ta yanka daga baya zuwa gaba. Yankan yana fitowa da kyau, amma gindin yatsan ya yi kanta, da yamma kuma takan tsoma hannun a ruwan ɗumi tana magana ita kaɗai.

Sai guntayen robar. Ba sa faɗuwa ƙasa su kwanta kamar ƙyallen yadi, mannewa suke yi. A hannu, a zani, a labule, a fuskar talabijin. Na taɓa tsayawa gaban aji ina rubutu a allo, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce akwai abu yana ƙyalli a mayafina. Baba Akawu ya tsinci guda a shayinsa, ya ciro da cokali, ya ajiye a gefen faranti. Washegari ya tsinci wani a miya. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce da ni, da muryar da ya tabbata za ta kai baranda, "An ce roba tana shekara ɗari ba ta ruɓe ba. To ku shaida, idan na tafi cikina zai daɗe a bayana."

Daga baranda ta ce, "In ka gaji da abincin gidan nan, ƙofar kicin a buɗe take."

Abin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba, kuma ba shi ya fi ci mata rai ba. Matan gidan ƙasa sukan tambaye ta yaya wasan yara. Mahaifina, ƙaninta, ya zo ya gan ta da tabarau a kan hanci tana goga samfefa a gurbin taya, ya ce mata, "Yaya, bayan shekara ashirin da uku a kamfani, a nan aka ƙare?" Ta ce masa a nan aka ƙare, kuma idan yana da wani aikin a aljihunsa ya fito da shi. Bai sake tayar da maganar ba, amma ita ta yi sati tana maimaita ta.

Wata rana Yaya bai samu zuwa ɗaukar aikin ba, sai ta zuba riguna biyar a babbar leda ta kai shagon da kanta, ni kuma na raka ta. Ɗan siririn shago ne a cikin wani dogon gini mai shaguna da yawa, tsakanin mai sayar da wayoyi da mai gyaran agogo. Muka tarar da wani mutum riƙe da ɗaya daga cikin rigunan da ta yanka a makon jiya, yana shafa gefen da yatsa.

Yana cewa, "Gaskiya injin nan naka ya iya aiki. Ko ƙaya babu."

Mai Shago yana murmushi yana cewa ai na'urar zamani ce, daga waje ya sa aka kawo. Sai ya ɗaga kai ya gan mu.

Gwaggo ta ajiye ledar a kan kantar shagon, ta dubi mutumin ta ce, "Ga injin nan tsaye a gabanka. Ko abincin rana bai ci ba."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe kantar, Mai Shago ma ya yi ta dole. A hanyar komawa ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta ce a kamfani aƙalla akwai lambarta a jikin kowane ɗauri, in ya yi kyau an san ita ce, in ya ɓaci an san ita ce.

Labarin ya zaga ƙungiyar, wasu suka fara hawowa benen kai tsaye. A cikinsu har da wani likitan haƙori, dogon mutum mai tsafta wanda ya fi kowa tsadar mota. Ya zo ranar Talata da wata riga a cikin kwali, an riga an yi mata fenti ja da baƙi da zare-zaren ruwan zinare. Ya ce a wata ƙasa aka fesa masa, wata uku yana jira.

Gwaggo ta ɗaga ta wajen haske ta ce, "An yi aikin a juye. Ana hudawa ne kafin fenti, lokacin da ake ganin sandunan ta cikin robar. Yanzu ba na ganin komai. Ina motar?"

Ya ce motar tana gida a kwance, ya warware ta yana jiran wasu kaya. Ya zaro takarda daga aljihu, ya rubuta awon duk ramukan da lambobi masu kyau.

"Ka kawo motar, Likita. Huji ba ya komawa."

"Mama, kullum ina aiki a bakin mutane da abin da bai kai rabin milimita ba. Awon nan daidai yake."

Ta sake faɗa, ya sake faɗa. A ƙarshe ta karɓa. Na ga yadda ta yi aikin: ta auna sau uku da rula, ta ɗiga alama da alƙalamin maka, ta bar shi ya kwana, da safe ta sake aunawa sannan ta huda. Ranar Alhamis ya aiko aka karɓa. Ranar Juma'a Yaya ya shigo yana sosa ƙeya, wayarsa a hannu. Likita ya sa hoto a zauren ƙungiyarsu na waya: ramukan baya biyu sun kauce wa sandunan da kusan faɗin ɗan yatsa. A ƙasan hoton ya rubuta cewa abu mai tsada ba a kai wa wanda bai san darajarsa ba, kuma shekaru suna taɓa ido.

Ta sa Yaya ya karanta mata sau biyu. Sannan ta tashi ta buɗe gwangwanin da take ajiye maɓallai, ta ciro takardar Likita. Ba ta yar ba. Ta ce, "Gobe ƙarfe nawa kuke farawa?"

Wata goma sha ɗaya tana wannan aikin, ba ta taɓa zuwa inda ake tseren ba. Filin ajiye motoci ne a bayan wani babban sito da ba ya aiki ranar Asabar. Sun shata hanya da tiyo da tsofaffin tayoyi, sun haɗa wani dandamali na katako inda matuƙa ke tsayawa a jere, kowa da rimot a hannu, wuya a miƙe. Ƙarar motocin kamar an kunna keken ɗinki hamsin lokaci guda. Gwaggo ta ratsa ta gefen filin da jakarta a hammata, ni ina biye, har teburin da Likita ya baje kayansa.

Ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta ce ya ba ta motar. Mutane suka fara matsowa. Ta ɗora rula a tsakanin ramukan da ta huda, ta ce wa wani da ke kusa ya karanta. Ya karanta. Ta miƙa masa takardar, ya karanta, lamba ɗaya ce. Sannan ta ɗora rular a tsakanin sandunan bayan motar. Suka zarce da milimita takwas.

Likita ya karɓi rular ya auna da kansa. Sannan ya ce ai sababbin sanduna ya sa ranar Laraba, waɗanda yake jira, ashe sun fi tsofaffin faɗi.

Gwaggo ta tsaya tana jira. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To ai da kin tambaya ko zan canza wani abu."

Wani ya yi dariya, wani ya ce a bar maganar haka. Gwaggo ta ninke takardar ta mayar jaka, ta juya. Na ɗauka gida za mu, amma Yaya ne ya kawo mu kuma yana da tsere biyu a gaba, don haka aka kawo mata kujerar roba ta zauna a inuwar sito, daidai wata kwana mai tsanani.

A nan ta zauna tana huci, motoci suna wucewa ta gabanta. Ta gane rigunanta ɗaya bayan ɗaya, duk da fenti da ƙura. Ta ga wata ta daki taya ta yi sama ta faɗo a kife, ta runtse ido. Bayan ɗan lokaci sai ta karkata kai.

"Kina jin wannan?"

Ban ji komai ba sai ƙara.

"Duk wadda ta shigo kwanar nan sai ta yi wani ƙirr. Wannan ba ta yi ba. Ga wata ta yi."

Wani dattijo mai furfura da suke kira Injiniya yana zaune kusa da mu yana canza batir. Shi ya amsa mata. Ya ce taya ce ke gogar bodi. Ya ɗauko motarsa ya danna ta da tafin hannu, ta yi ƙasa a kan sufirin, ya murɗa tayoyin gaba, sai ga taya ta taɓa gefen gurbin. Ya ce a tsaye komai daidai yake, amma a guje motar tana kwantawa gefe. Ya ce layin da masu yin bodin ke dannawa na kowa da kowa ne, bai san irin tayar da ka sa ba.

"To ku yaya kuke yi?"

"Mukan ɗan ƙara buɗawa da wuƙa, Mama. Ba wani abu ba ne."

Ta karɓi motar ta duba. Gurbin da ta yanka zagaye, ta goge da samfefa har ya yi santsi, an bi gefensa da wuƙa an fafe, ya yi gatso-gatso. Ta tashi ta bi teburan ɗaya bayan ɗaya. Ta duba mota tara, bakwai an yi musu haka. Ta ƙarshe ta Yaya ce.

A mota muna komawa, da muka wuce gidan mai, sai ta ce wa Yaya, "Tun yaushe?"

"Umma, ba komai ba ne fa."

"Tun yaushe kake bin bayan aikina da wuƙa?"

"Tun na farko."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Ya ɗan kalle ni ta madubi kamar zan cece shi. Ya ce, "Umma, wa zai tsaya a gabanki ya ce yankanki da gyara?"

Wannan ya fi maganar Likita yi mata ciwo nesa ba kusa ba. Likita ya zarge ta da laifin da ba ta yi ba, ta wanke kanta da rula. Wannan kuwa nata ne, kuma mutum ashirin sun sani suna yi mata kara, suna cewa sannu da aiki Mama. Da muka isa gida ta gaya wa Baba Akawu, tana tsaye ko mayafi ba ta cire ba. Ya rage muryar rediyo ya saurara har ta gama, ya ce shi bai ga abin mamaki ba, shekara talatin da shida ke nan shi ma yana gyara wasu abubuwan a ɓoye. Ta tambaye shi kamar me. Ya ƙara muryar rediyon.

Daga ranar ta kafa doka: ba ta yanka riga sai an kawo motar. Takan ɗora rigar a kai tun tana garai-garai, ta danna motar ƙasa, ta murɗa tayoyin iya murɗuwarsu dama da hagu, ta zana da maka inda suka kai, ta bar musu ɗan sarari. Layin kamfani ta daina binsa a gurbin taya. Aikin da take yi cikin awa ɗaya ya koma awa biyu da rabi. Falon ya cika da motoci da warin roba da man inji, Baba Akawu ya koma sauraron labarai a ɗaki.

Injiniya ya hawo benen bayan sati uku, yana haki saboda matakala, don kawai ya gaya mata motarsa ta daina ƙara a kwana. Ta ce masa ta sani. Amma ta sa na haɗa masa shayi, abin da ba ta taɓa yi wa wani a cikinsu ba.

Mai Shago kuwa bai ji daɗi ba. Ya zo ya ce masu saye ba sa son barin motocinsu kwana biyu a gidan wani, wasu ma ba 'yan tsere ba ne, ado kawai suke so. Ya ce ta koma yadda take yi da, ai babu wanda ya taɓa ƙorafi.

"Shi ne matsalar, babu wanda ya yi ƙorafi."

"Mama, kasuwa ba ta jira."

"Ni ma na gaji da jira. Ina almakashin da yake hanya tun bara? A ƙafa yake tahowa?"

Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya faɗi gaskiya. Bai taɓa sa a kawo ba. Masu sayarwa ba sa aiko guda ɗaya sai goma, shi kuma bai san inda zai kai tara ba. Ta shiga ɗaki ta kwaso rigunansa huɗu da ba ta taɓa ba tukuna, ta jera masa a hannu. Ta ce ya kai wa injinsa na waje.

Bayan wata biyu ya fara shigo da bodi da aka riga aka yanka aka fesa tun daga kamfani. Yawancin mutane suka koma can, don ba jira ba hawa bene. Aka bar ta da mutum shida ko bakwai, waɗanda suka ɗauki tseren da zafi. Yaya ya yi ta bincike a waya har ya samo mata almakashin hagu, ya iso bayan sati biyar, amma miƙaƙƙe ne irin na takarda, ba ya shiga kwanar gurbin taya. Ta gwada sau ɗaya ta sa shi a kicin.

Wata rana Yaya ya kawo wata mota a nannaɗe cikin tawul, da sabuwar riga, ya ce ta wani abokinsa ce da ba ta sani ba. Ta buɗe, ta duba yadda aka jera wayoyin ciki aka ɗaure kowace da ɗan zare, ta sunkuya ta shaƙa.

"Abokin naka warin ɗakin cire haƙori yake yi."

Ta ce wa Yaya ya gaya wa abokin nasa cewa matakalar gidan goma sha takwas ce kawai, kuma ba ta taɓa karya kowa ba. Likita bai hawo ba, har yau. Amma ta yanka rigar, kuma Yaya ya ce a duk waɗanda ta yi babu wadda ta kai ta zama daidai. Da na tambaye ta dalili, ta ce ba don shi ta yi ba, ba za ta ba shi abin ɗauka a hoto ba ne.

Na bar gidan bayan shekara biyu, da aka mayar da ni wata makaranta a ɗaya gefen gari. Yatsan nata ya ci gaba da ciwo har ya kai ba ta iya buɗe murfin kwalba. A asibiti aka ɗaura mata wani abu mai tauri daga wuyan hannu zuwa yatsan, aka ce ta huta sati shida. Ta huta kwana tara.

Zuwana na ƙarshe, watan jiya, na tarar da ita a baranda da motar Injiniya a kan ɗan tebur. Gurbin taya ɗaya take iya yankawa a rana yanzu, sai ta ajiye. Ta gaya min an sayar da siton, sababbin masu shi za su zagaye filin da katanga, 'yan ƙungiyar suna neman wani wuri can bayan gari. Baba Akawu ya leƙo ya ce ai ga dalili ya samu, sai a huta. Ba ta ko juya ba.

Na ce, "Gwaggo, ke kina son aikin nan kuwa?"

Ta ce ba ta taɓa cewa tana so ba. Ta ce Injiniya yana da tsere ranar Asabar, wataƙila na ƙarshe a wannan filin, kuma saura gurbi biyu. Sai ta turo min motar ta ce in danna mata bayanta, hannunta ba ya iyawa.

Na danna.

"Da ƙarfi. Motar ba ƙwai ba ce."

Na ƙara dannawa, ta sunkuya da maka a hannu, ta ɗaga tabarau ta sake saukewa.

"Kin karkata ta gefe ɗaya. Saki, mu sake."